Ranar da "Ƙasa" Ta Koma Alamar Tambaya

Mu biyar ne 'yan kwamitin nishaɗi na Ƙungiyar Hausa a wata makarantar sakandare ta jeka-ka-dawo a Gusau. Ukunmu 'yan gari ne. Ɗaya iyayensa suna Tsafe, shi kuma yana zaune wurin yayarsa a Tudun Wada. Na biyar ɗin kullum da safe daga Bunguɗu yake shigowa. Bara da aka fara shirin bikin yaye 'yan aji shida, sai muka je gaban Malamin Hausa muka ce a bana karaoke za mu yi. Mun sha gani a bidiyo: kiɗa yana tashi, baitoci suna fitowa a allo, kowace kalma tana canza launi daidai lokacin da za a faɗe ta, mai waƙa yana riƙe da makirufo yana bi. Mun ɗauka aikin yini ɗaya ne. Sai da ya cinye mana mako bakwai, kuma kusan duk wahalar a cikin fayil muka sha ta. Shi ya sa muka ga ya dace mu ba ku labarin, ko wata ƙungiya ta tsallake ramukan da muka faɗa.

Malam ya saurare mu har muka gama, sannan ya tambayi ma'anar kalmar. Muka yi tsuru-tsuru. Ya ce kada mu sake dawo masa da maganar sai mun nemo. Da muka bincika sai muka ga kalmar Japananci ce. "Kara" yana nufin fanko, "oke" kuma guntun sunan ƙungiyar makaɗa ne. Wato makaɗa ba tare da mawaƙi ba. Mutumin da aka fi dangantawa da yaɗuwarta shi ne Daisuke Inoue, wani makaɗi a birnin Kobe, wanda a 1971 ya haɗa akwatunan da ake jefa wa kuɗi su saki kiɗa, mutum ya rera da kansa. Bai yi rajistar mallakar abin da ya haɗa ba, sai kamfanoni suka kwashi arzikin. Malam ya yi murmushi ya ce ai abin bai yi nisa da namu ba. A waƙar baka akwai jagora, akwai 'yan amshi, akwai makaɗa. Karaoke shi ne a janye jagora a ce kai ka hau wurinsa.

Shugaban makaranta ya amince bisa sharaɗi biyu: ban da waƙoƙin soyayya na fim, kuma kada mu wuce minti 40. Mu muka ƙara wa kanmu na uku, cewa ranar biki ba za mu jingina da intanet ba ko na daƙiƙa ɗaya. Duk wanda yake Zamfara a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, ya san cewa abin da ba ya cikin na'urarka ba naka ba ne.

Akwai kuma dalilin da ya sa muka nace. A ƙungiyarmu akwai wani ƙane ɗan aji biyu mai i'ina. Idan malami ya tashe shi a aji, sai ya yi ta fama da kalma ɗaya har yara su fara dariya. Amma idan ya soma waƙa, i'inar nan ɓacewa take yi kamar ba a taɓa yi ba. Matsalarsa ita ce da zarar idanu sun yi masa yawa sai baitocin su gudu daga kansa. Gidansu sun taso daga wani ƙauye a ƙasar Tsafe saboda 'yan bindiga, mahaifinsa ya tsaya a cikin garin Tsafe yana neman na abinci, shi aka turo shi Gusau wurin dangi. Mahaifin ya yi alkawarin zuwa bikin. Muka ce idan baitoci suna gaban yaron nan a allo, zai rera waƙa a gaban babansa ba tare da ya tsaya ba.

Babu Hausa a cikin filash

Yayan ɗaya daga cikinmu yana gabatar da taro a Kaduna, shi ya aiko mana da filash cike da fayilolin karaoke. Muka sa a laftof ɗin Malam cike da murna. Abu na farko da muka lura da shi, kowace waƙa ta zo biyu-biyu, suna iri ɗaya, ɗaya ƙarshensa .mp3 ɗaya .cdg. Ɗayanmu ya ɗauka maimaici ne har ya fara gogewa, sai Allah ya sa muka kira yayan. Ya ce, "Kai, kada ku taɓa! Mata da miji ne." Na .mp3 shi ne kiɗan, na .cdg shi ne hoton baitocin. Wannan tsari shi ake kira MP3+G, kuma ya samo asali ne daga faifan CD+G na shekarun 1980. Hotonsa ƙarami ne ƙwarai, ɗigo 300 a kwance da 216 a tsaye, launi 16 kacal, shi ya sa rubutun yake fitowa da kaushi idan aka haska shi a bango. Dokarsa ɗaya ce: sunan fayilolin biyu ya zama iri ɗaya harafi da harafi, kuma su zauna a folda ɗaya. Idan aka raba su, kiɗa zai tashi allo ya zauna baƙi.

Akwai wasu kuma masu ƙarshen .kar, ƙanana ainun. Waɗannan babu sauti a cikinsu ko kaɗan. Umarni ne kawai irin na MIDI, suna gaya wa kwamfuta ta buga sauti kaza da kayan kiɗa kaza na tsawon kaza. Shi ya sa waƙa ɗaya za ta yi daɗi a wannan kwamfuta, a waccan ta fito kamar kukan wayar da. Jerin kayan kiɗan da aka daidaita wa wannan tsari a 1991 guda 128 ne. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu kalangu, babu kotso, babu gurmi.

Babban abin da ya sanyaya mana jiki shi ne duk cikin filash ɗin babu waƙar Hausa ko guda. Muka zaga shagunan masu tura waƙoƙi a waya, suna da waƙoƙin Hausa ba iyaka, amma duk da muryar mawaƙin a kai. Wani ya ce mana, "Samari, irin wanda kuke nema sai dai ku haɗa da kanku."

Cire murya

Dabarar da ta fara zo mana ita ce mu ɗauki waƙar wani babban makaɗi mu cire muryarsa. Ai ba mu rasa su ba. Alhaji Musa Ɗanƙwairo na Maradun ne, Salihu Jankiɗi kuma a Rawayya ta ƙasar Bunguɗu aka haife shi, abin da ɗan Bunguɗun cikinmu ba ya gajiya da tuna mana. Muka sauke Audacity, manhajar gyaran sauti ta kyauta, muka gwada.

Tsohuwar dabarar cire murya tana aiki ne a kan sauti mai hannu biyu, na dama da na hagu. Galibi ana ajiye muryar mawaƙi a tsakiya, wato daidai wa daida a hannuwan biyu. Idan aka kifar da hannu ɗaya aka haɗa shi da ɗayan, duk abin da yake iri ɗaya a cikinsu sai ya kashe juna, muryar ta ɓace, kiɗan gefe ya rage. To tsofaffin waƙoƙin da muka samu hannu ɗaya ne, murya da kotso da amshi duk a dunƙule. Da muka danna, sai komai ya yi shiru. Mun cire Ɗanƙwairo, mun cire makaɗansa, mun bar iska. Akwai sababbin manhajoji irin su Spleeter, wadda kamfanin Deezer ya saki a 2019, masu raba murya da kiɗa ta hanyar ƙirƙirarriyar basira, amma laftof ɗin Malam ba ta da ƙarfin da za ta ja su cikin sauƙi.

Da muka kai ƙorafi, Malam ya ce ko da ta ja, ba zai sa hannu ba. Na farko, waƙa tana da mai ita, kuma Najeriya tana da dokar haƙƙin mallaka, sabuwar ma an sa mata hannu a 2023. Na biyu, ya miƙo mana littafin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, Makaɗa da Mawaƙan Hausa, ya ce mu karanta mu ga shekarun da mutanen nan suka yi suna koyo kafin su zama jagorori. "Ku da kuke da baki da alƙalami," in ji shi, "me ya hana ku rubuta taku?" Nan muka yanke shawarar yin waƙoƙi huɗu namu na kanmu: ta bankwana da 'yan aji shida, ta neman ilimi, ta zaman lafiya, da ta kishin ƙasa wadda ƙanen namu zai rera.

Gari uku, fayil uku

Sai hutun zango na biyu ya raba mu. Ɗan Tsafe, wanda shi ne marubucinmu, ya tafi gida da baitoci. Ɗan Bunguɗu ya tafi wurin kawunsa mai kiɗan kalangu. Mu uku muka zauna a Gusau da laftof. Karaoke abu uku ne: kiɗa, rubutu, da lokacin da ke ɗaure su. Ga shi kowanne ya kama garinsa.

Kawu ya yi mana kirki. Ya zauna a zaure shi da yaronsa, aka rera masa karin kowace waƙa, ya buga, ɗan uwanmu ya ɗauka da waya. Kuskuren farko, ya turo mana a matsayin saƙon murya na WhatsApp. Irin wannan saƙo ana matse shi ne a tsarin Opus don magana ta isa da ƙaramin data, sai zaƙin kalangun ya tafi, aka bar ƙwanƙwasa kamar ana dukan kwali. Ya koma ya ce, "Kawu, don Allah a yi haƙuri a sake." Wannan karon ya ɗauka da manhajar ɗaukar sauti ta wayar, ya turo fayil ɗin a matsayin takarda, yadda WhatsApp ba ya taɓa cikinsa.

A nan muka koyi cewa sauti iri biyu ne wajen ajiya. WAV yana riƙe komai, amma minti ɗaya yakan ci wajen megabait 10. MP3 yana zubar da abin da kunne bai cika ji ba, minti ɗaya ya dawo wajen megabait 1. Duk lokacin da ka buɗe MP3 ka gyara ka sake fitar da shi a MP3, sai ya ƙara zubar da wani abu, kamar a yi fotokwafin fotokwafi. Saboda haka duk gyaran da za a yi, a yi shi a WAV, matsewa ta zo sau ɗaya a ƙarshe.

Kuskure na biyu namu ne mu 'yan Gusau. Mun yini muna yanka da jera kiɗan a Audacity, muka danna "Save", muka kwafi fayil ɗin a memori muka ba direban motar Tsafe ya kai wa marubucinmu don ya gwada baitoci a kai. Da yamma ya kira yana faɗa, wai mun aiko masa da abin da ko buɗewa ba ya yi. Ashe abin da "Save" yake ajiyewa shi ne teburin aikinka, fayil mai ƙarshen .aup3, wanda Audacity kaɗai ke ganewa. Idan kana son abin da waya ko rediyon mota za su kunna, sai ka bi ta "Export", wato fitarwa, ka zaɓi WAV ko MP3. Bambancin kamar na tukunya a kan murhu ne da tuwon da aka kwashe a kwano. Mu tukunyar muka aika Tsafe.

Ƙugiya ta ɓata

Marubucinmu ya buga baitocin a wayarsa da allon rubutun Hausa na Gboard, ƙ da ɗ da ɓ duk sun zauna daram. Da yake layin waya yana wahala a unguwarsu a makon, sai ya je wani shagon buga takardu aka zuba masa rubutun a tsohuwar kwamfuta, aka ajiye da Notepad, aka sa a memorin nan, direba ya dawo mana da shi. Muka buɗe waƙar kishin ƙasa. Layin farko da ya rubuta shi ne "Ɗan ƙasa nagari ba ya ƙin ƙasa tasa". Abin da muka gani shi ne "?an ?asa nagari ba ya ?in ?asa tasa". Waƙoƙi huɗu, duk inda ƙugiya take alamar tambaya ta maye gurbinta.

Malamar kwamfuta ce ta warware mana. Ta ce kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsohon tsarin ajiye rubutu na Windows, wanda Notepad yake kira ANSI, gurbi 256 kawai gare shi, kuma an cika su da haruffan Turawan Yamma. A babban kundin haruffan duniya, wato Unicode, lambar ƙ ita ce 409, ta ɓ 595, ta ɗ 599. Duk sun haura 256. Da tsohon tsarin ya rasa inda zai sa su, sai ya jefar da su ya dasa alamar tambaya. Kuma abin da aka jefar ba ya dawowa, sai dai a sake bugawa. Maganin shi ne a wurin ajiyewa a zaɓi UTF-8, tsarin da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, wanda yake ɗaukar haruffan kowane harshe. Ta ƙara da cewa idan kuka ga ƙ ta koma Æ™ a wani shafi, wannan ciwo ne daban: an ajiye daidai, an buɗe da tsohon tsari. Shi wannan yana warkewa idan aka sake buɗewa da UTF-8.

Muka sake bugawa. Muka zaɓi wani salon haruffa mai ado, irin na katin biki, don allo ya yi kyau. Sai ga ƙananan akwatuna a gurbin ƙ da ɗ da ɓ. Wannan karon lambar tana nan lafiya, wanda ya zana salon ne bai zana haruffanmu ba.

A nan ne muka kusa rabuwa. Saura mako biyu biki, kowa ya gaji. Biyu daga cikinmu suka ce a cire ƙugiyar kawai a sa k da d da b, ai haka kowa yake rubutawa a waya, kuma Bahaushe zai gane. Muka je wa Malam da wannan shawara. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki alli ya rubuta a allo: baƙi da baki, ƙafa da kafa, ƙasa da kasa, ƙarya da karya. Ya ce ɗayanmu ya karanta marabar da muka rubuta wa manyan baƙi ba tare da ƙugiya ba. Da aka zo "manyan baki" muka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ce tun shekarun 1930 aka shigar da haruffan nan cikin ɗab'in Hausa a Zariya, a zamanin da ake haɗa kowane shafi da hannu, harafi bayan harafi, kuma masu aikin ba su ce sun gaji ba. Ya ce ranar biki 'yan aji ɗaya za su zauna a gaba su zuba wa bangon nan ido, kuma abin da suka gani da manyan haruffa shi za su ɗauka daidai ne, shi za su rubuta a jarrabawa. "Allah gafarta Malam, lokaci ne babu," in ji ɗayanmu. Ya ce, "Neman salon da ke da ƙugiya bai kai minti goma ba. Gardamar da kuke yi ta kai awa."

Gaskiyarsa. Muka samo Andika, salon haruffa na kyauta da ƙungiyar SIL ta zana don masu koyon karatu. Haruffanmu duk suna ciki, manya da ƙanana, kuma ana gane su daga nesa. DejaVu Sans da Noto Sans su ma suna da su. Tun daga ranar, kafin mu amince da kowane salo sai mun buga "Ƙ ƙ Ɗ ɗ Ɓ ɓ" mun gani da idonmu.

Ɗaure kalma da lokaci

Saura aiki mafi cin rai. Mun yi shi da Aegisub, manhajar kyauta ta rubutun ƙasan fim, wadda take da sashen karaoke. Kana sauraron kiɗa, kana yanka layi gaɓa-gaɓa, kana nuna inda kowace gaɓa za ta fara. Ita kuma tana rubuta alama a gaban gaɓar, misali \k50, ma'ana gaɓar za ta ɗauki kashi 50 cikin 100 na daƙiƙa. Da yake kiɗan babu murya, sai muka sa ƙanen namu ya rera a kai muka ɗauka, muka yi awo da muryarsa, sannan muka ajiye muryar gefe. Waƙar minti huɗu ta ci mana yamma biyu.

Muna gamawa sai ɗayanmu ya lura akwai shiru na daƙiƙa biyu a farkon kiɗan, ya koma Audacity ya yanke shi don a yi tsaf, bai gaya wa kowa ba. Washegari a gwaji, kiɗa ya riga rubutu da daƙiƙa biyu tun daga farko har ƙarshe. Yaron ya bi allo, kalangu ya bar shi a baya, ya rikice, i'inar ta dawo a tsakiyar baiti. Ya ajiye makirufo ya fita. A bayan ɗakin gwaje-gwaje muka same shi yana share ido, yana cewa a ba wani waƙar. Wanda ya yi yankan ya durƙusa gabansa ya ce, "Ƙanena, wallahi laifina ne, kai daidai ka yi." Da ƙyar muka shawo kansa. Aegisub tana da wurin matsar da lokutan duka a tare, gyaran bai ɗauki minti ɗaya ba. Dawo da zuciyar yaron ya ɗauki kwana uku. Daga nan muka kafa doka: a gama kiɗa, a rufe shi, sannan a fara awon rubutu.

Da muka ga yadda abubuwa uku suke saɓa wa juna, sai muka yanke shawarar narkar da su wuri ɗaya. Muka haɗa kiɗan da hoto mai duhu a Shotcut ya zama bidiyo, sannan muka sa HandBrake ta ƙona rubutun a jikin hoton, muka fitar da MP4 mai faɗin 1280 da tsayin 720. Idan rubutu ya ƙonu a jikin bidiyo ya zama hoto. Ko an kai shi kwamfutar da ba ta taɓa jin labarin Andika ba, ƙugiya tana nan. Illarsa ita ce ba a gyara shi, don haka muka adana WAV da fayil ɗin Aegisub a wata folda daban saboda gaba. Layi biyu kawai muke sawa a allo lokaci guda, fari yana komawa rawaya, kuma mun bar fili a gefe saboda majigi yakan yanke baki.

Gwajin zaure

Ana jibi biki muka kwashi kaya zuwa babban zauren makaranta, kuma da ba mu je ba da mun ji kunya. Muna sa kebul ɗin HDMI sai sauti ya ɓace daga lasifika ya koma fita ta ɗan ƙaramin bakin majigi, saboda Windows yakan tura sauti ta HDMI da kansa. Sai da muka shiga wurin saita sauti muka mayar da shi. Muka gwada wata lasifika ta Bluetooth, sai muka ji kiɗa yana ɗan makara a bayan rubutu. Jinkirin bai kai rabin daƙiƙa ba, amma mun riga mun ga abin da jinkiri yake yi wa mawaƙinmu, don haka muka koma kebul. Muka ga wata waƙar tana tashi da ƙarfi wata a hankali, muka koma muka daidaita su. Muka danna maɓallin Windows da P muka raba allo biyu, jama'a suna ganin baitoci a bango, mai kula da laftof yana ganin jerin waƙoƙi a VLC. Muka sa wa fayiloli lamba a gaba, 01, 02, 03, don su jeru yadda za a kira su. Muka kwafi foldar a filash biyu, muka kuma buga baitocin a takarda ko janareta zai yi gardama.

Ranar biki

Ɗayanmu ya riƙe makirufo yana gabatarwa, ɗaya yana kan laftof, ɗaya yana kan na'urar sauti, biyu suna shirya masu waƙa. Uku na farko suka wuce lafiya. Ta huɗu waƙar Turanci ce da 'yan Ƙungiyar Turanci suka roƙa a sa musu daga filash ɗin Kaduna. Ita kaɗai ce muka yi ƙyuyar juyawa zuwa MP4. Da muka sa wa fayiloli lamba, mun sa wa na .mp3 mun manta da na .cdg. Kiɗa ya tashi, bango ya yi baƙi ƙirin, 'yan mata biyu suna tsaye suna kallonmu. Mai gabatarwa ya ce a tafa musu tukuna, kafin tafi ya lafa mai laftof ya gyara sunan, aka sake daga farko. Mun tsira, amma gumin da muka yi ba na zafi ba ne.

Sai aka kira ƙanenmu. Mahaifinsa yana layi na uku, ya sha hanya tun asuba. Kalangun Kawu ya tashi, layin farko ya fito da Ɗ babba da ƙugiyarta, fari ya fara komawa rawaya. Yaron bai kalli kowa ba. Ya kafe bangon nan da ido tun daga kalmar farko har ta ƙarshe, bai tsaya ba, bai maimaita gaɓa ko ɗaya ba. A baiti na biyu 'yan aji ɗaya suka fara karanta amshin daga bango suna rerawa, ba wanda ya sa su. Malam yana tsaye a bakin ƙofa, ya harɗe hannu.

Bayan an tashi muna naɗe kebul, sai ga mahaifin ya zo riƙe da hannun ɗansa. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya ciro wata ƙaramar waya mai maɓalli ya ce, "Yara, wanga abu da kunka yi, ana iya sa mani shi ga waya? Uwatai na son ta gani." Muka ce, "Ana iyawa, Baba." Wayar ta ƙi karɓar babban bidiyon. Muka zauna nan a bakin dandamali muka haɗa shi da muryar yaron da muka ajiye tun lokacin awo, muka rage shi zuwa 320 da 240, muka sa a memorinsa. Ya kunna, ya kai kunne, ya dawo da ita gaban ido, ya daɗe yana kallon rubutun yana canza launi. Sannan ya ce, "Allah shi yi muku albarka. Amma ba ku da shi da ajami? Ni shi nika karantawa."

Ba mu da shi. Mun yi masa alkawari, kuma shi ne aikin da muke kai yanzu. Ajami daga dama yake tafiya zuwa hagu, haruffansa kuma suna manne da juna, don haka yanka shi gaɓa-gaɓa yana ba mu wahalar da ta fi ta ƙugiya. Malamin Islamiyyar ɗan Bunguɗu ya karɓi baitocin yana juya mana su. Idan akwai wata ƙungiyar ɗalibai a Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu, ko ma ina ne, da ta taɓa gwada wannan, muna roƙon ta rubuto ta wannan shafi mu ƙaru da juna. Waƙoƙinmu huɗu kuma suna nan a folda, duk makarantar da take so za mu ba ta kyauta, da sharaɗin kada a cire ƙugiya ko ɗaya.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya zaunar da jiharmu lafiya, amin.